Aikin rage ƙiba: Aman da ake rainawa bayan dawowa gida

Jama'a, a ƴan shekarun nan an samu wata sabuwar tafiya da masu hali ke yi zuwa Tunusiya ko Turkiyya ko Indiya, wato tafiyar aikin rage ƙiba. Ba na ganin laifinsu. Mutumin da ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa suka taru a kansa saboda nauyin jiki yana da haƙƙin neman lafiya inda duk ya ga zai same ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana da ƙibar da ta zama cuta. Abin da ya dame ni shi ne halin da mutum ke shiga bayan jirgi ya sauke shi a Yamai, ya koma gida Maraɗi ko Damagaram, likitan da ya yi masa aikin kuma yana can wata ƙasa.

A aikin da aka fi yi yanzu ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar da shi, a bar ɗan siriri mai siffar ayaba. A wani aikin kuma ana keɓe ɗan aljihu kamar girman ƙwai a saman tumbin, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Ke nan cikin da jiya yake ɗaukar malmalar tuwo biyu, yau abin da zai iya ɗauka bai fi kofin shayi ɗaya ko biyu ba, kuma a kumbure yake, da ɗinki a jikinsa. Saboda haka tashin zuciya a kwanakin farko ba abin mamaki ba ne, ga kuma maganin sa barci da bai gama sakin jiki ba. Daga baya, yawancin aman yana zuwa ne daga cin abinci da sauri, ko rashin tauna sosai, ko ƙara loma ɗaya bayan ciki ya ce ya isa, ko kuma kora abinci da ruwa. Shi ya sa likitoci ke cewa a fara da abu mai ruwa-ruwa, sannan a koma wanda aka dama ya yi laushi, kada a taɓa abinci mai tauri sai bayan makonni, kuma a bar tazarar kamar minti 30 tsakanin ci da sha.

To, a nan ne al'adarmu ta dubiya ke shigowa. Kowa ya zo da kwanonsa: wannan fura da sukari, wancan farfesu, wani balangu, wani lemun kwalba. Gwaggo ta zauna a bakin gado tana cewa, "Daure ka ci, ɗana, mai ciwo ba ya warkewa da yunwa." Niyyarta alheri ce, amma ga wannan majinyacin kwanon nan cuta ne. Abu mai zaƙi da yawa yana zarcewa cikin hanji da sauri, musamman ga wanda aka haɗa wa tumbi da hanji, sai ka ga cikin rabin awa zufa ta karyo masa, zuciya na bugawa, jiri da gudawa sun biyo baya. Shayinmu na majalisa kuwa, wanda rabinsa sukari ne, sai a yi haƙuri da shi tukuna.

Wannan duk mai sauƙi ne, gyaran cin abinci yana maganinsa. Wanda ke kisa ko nakasa mutum shi ne aman da ya ƙi tsayawa. Akwai wani sinadari a jiki, bitamin B1, wanda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ba sa aiki sai da shi, kuma ajiyarsa a jiki ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku ba. Mai amai kullum yana ƙarar da ita bai sani ba. Sai a ga ya fara ruɗewa, yana tangaɗi in ya tashi, idanunsa na rawa ko yana ganin abu ɗaya biyu, ƙafafu sun yi sanyi. Wani likitan Jamus, Carl Wernicke, ya bayyana wannan ciwo tun 1881. A gidajenmu kuwa da an ga haka sai a ce iska ce ko sammu, a nufi wajen mai magani, kwanaki na wucewa. In an makara, mantuwar da za ta kama mutum ba lallai ta sake shi ba har abada. Abin takaici, allurar bitamin ɗin ba ta da tsada.

Ga wani tarko kuma. In aka kai irin wannan majinyaci asibitin unguwa a galabaice, abin da aka saba shi ne a ɗaura masa ƙarin ruwa mai sukari, a yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro. Alhali ruwan sukari ba tare da bitamin B1 ba yana iya ƙara tsananta ciwon. Ma'aikacin lafiyar ba shi da laifi in ba a gaya masa an yi aiki ba, kuma da yawa ba sa faɗa, don kunya, don kada a ce sun kashe miliyoyin sefa a kan kwalliya. Wasu ko matansu ba su san takamaiman abin da aka yi musu ba. Wannan ɓoyo shi ne na fi jin tsoro a cikin lamarin gaba ɗaya.

A ganina, duk mai niyyar tafiya kada ya sayi tikiti sai ya samu likita a nan gida wanda ya amince zai riƙa duba shi. Ya dawo da takardun aikin, in da Turkanci aka rubuta a fassara su zuwa Faransanci, kuma mutum ɗaya aƙalla a gidan ya san inda suke. Ya nisanci ibuprofen da diclofenac da masu tallar magani ke yawo da su a tire, domin suna iya haifar da gyambo a wurin ɗinki. In ya dawo a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan duk yini har ya kai wajen lita ɗaya da rabi. Azumi ma, a watannin farko, ya tambayi likitansa da malaminsa, tunda addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Su kuma ƴan uwa su riƙe wannan: in mutum ya yini ya kwana ko ruwa ba ya zama a cikinsa, ko ya yi aman jini, ko zazzaɓi ya haɗu da bugun zuciya mai sauri da ciwon ciki ko na kafaɗar hagu, to wataƙila ɗinkin ne ya yi yoyo ko hanyar ta tsuke. A ɗauke shi a daren nan zuwa babban asibiti, da takardunsa a hannu, kuma maganar farko da za a gaya wa likita ita ce an yanke masa tumbi, a wata kaza, a ƙasa kaza.