Ra'ayinmu: A Tace Malami Tun Yana Ɗalibi

Kowace shekara, in damina ta kawo kai, malaman makarantar horon malamai ta Bawa Jan Gwarzo da ke Maraɗi, kamar takwarorinsu na Damagaram da Tawa da Doso, su kan zauna su duba makin ɗalibansu, su yanke wanda zai wuce, da wanda zai maimaita aji, da wanda za a sallama. Zama ne na 'yan sa'o'i, ba a yin shelarsa a rediyo. Amma abin da aka yanke a cikinsa, shi ne ɗiyan Tsibiri da na Jiratawa za su girba har shekara talatin, domin wanda aka ba takarda yau, shi ne mushen da zai riƙe alli a gabansu gobe.

Kamar yadda masu karatu suka sani, a lakkol ɗin ƙasarmu ana ba da maki ne bisa 20. Ana tara makin darussa duka, a raba, a fitar da matsakaici, wanda ya kai 10 ya tsira. Wannan lissafi yana da sauƙi, amma yana da wata ɓaraka. A ɗauki ɗalibi mai 4 a lissafi, da 5 a Faransanci, da 15 a zane, da 16 a wasan motsa jiki. In an tara 40 ke nan, in an raba gida huɗu ya sami 10 cif. Gaskiya ne ana ba manyan darussa nauyi fiye da ƙanana, amma duk da haka ƙarfin wani darasi ya kan rufe raunin wani. Ga kuma al'adar nan ta ceto, wadda ta daɗe cikin jarrabawoyinmu: mai 9 da ɗoriya a cika masa ya kai 10, in waɗanda suka ci sun yi kaɗan a ƙara sassauta ma'auni. Ga ɗalibin da zai zama ɗan kasuwa, wannan sassauci kansa kaɗai ya shafa. Ga wanda zai koya ma yara karatu da ƙidaya, 4 ɗin nan tasa ta lissafi za ta bi shi har cikin aji.

Ƙasarmu ta riga ta ɗanɗana sakamakon wannan. Bayan dokar tsarin ilimi ta 1998, da shirin shekara goma na bunƙasa ilimi da aka soma a 2003, an buɗe azuzuwa da yawa a birni da ƙauye, aka ɗauki dubban malaman kwantaragi, wasunsu da gajeren horo, wasunsu ba su taɓa taka makarantar horo ba. Yara sun shiga lakkol fiye da kowane lokaci, wannan kuwa abin yabo ne. Amma da aka yi binciken PASEC na 2014 a ƙasashe 10 na Afirka masu aiki da Faransanci, Nijar ce ta zo ta ƙarshe: cikin yara 100 da suka kai ƙarshen firamare, waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai 10 ba. A watan Yuli na 2017, lokacin ministan ilimin firamare Dauda Mamadu Marte, aka yi ma malaman kwantaragi sama da 50,000 jarrabawa, sai kimanin kashi ɗaya cikin uku ne suka kai 10 bisa 20, aka soke kwantaragin dubbai daga cikinsu. A wannan shekara dai, maƙwabtanmu na jihar Kaduna suka gwada malamai 33,000, aka ce 21,780 sun faɗi.

Abin lura a nan shi ne lokacin da aka yi tankaɗen. An sallami mutane bayan sun shekara da shekaru suna koyarwa, sun yi aure, sun tara iyali, ba su da wata sana'a. An bar azuzuwa babu malami. Yaran da suka bi ta hannunsu kuwa, babu mai mayar musu da shekarunsu. Da an faɗa ma waɗannan bayin Allah gaskiya tun suna da shekara ashirin, da wasu sun dage sun gyara, wasu sun nemi wata hanyar abinci tun da sauran ƙarfinsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani zai ce: ina za mu sami malamai in muka tsananta? Tambaya ce mai nauyi. Ƙidayar 2012 ta nuna jahar Maraɗi tana da mutum sama da miliyan 3, yawancinsu yara ne, kuma kowace shekara ana ƙara rumfunan kara don su zama azuzuwa. Wani kuma zai tuna mana da uban da ya sayar da damman hatsinsa don ɗansa ya kai birbe. Mun ji, amma a yi wannan lissafi: malami guda mai yara 50 a aji, in ya yi shekara 30 yana aiki, yara 1,500 ne za su wuce ta gabansa. Tausayin da aka ji ma mutum ɗaya ranar zaman maki, iyaye 1,500 ne za su biya kuɗinsa, su ma kuwa talakawa ne masu sayar da hatsi.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar ilimi da shugabannin makarantun horo su tsayar da ƙa'idoji huɗu. Na ɗaya, a sa iyakar da ba a sauka ƙasa da ita a Faransanci da lissafi, da harshen gida ga masu shirin koyarwa da shi, kada wani darasi ya ceci wani a nan. Na biyu, gwajin koyarwa a cikin aji ya tsaya da ƙafarsa, kuma mutum fiye da ɗaya su ba da makinsa: malamin ajin, da malamin horo, da sufeto. Akwai mai ƙwaƙwalwa a kan takarda wanda ba ya iya riƙe yara sittin na minti goma. Na uku, kada a kori kowa ba da gargaɗi ba. Tun ƙarshen watanni ukun farko a kira mai rauni, a nuna masa makinsa a rubuce, a ba shi darussan ƙari, in shekara ta ƙare bai kai ba a bar shi ya maimaita sau ɗaya. In ya sake faɗuwa, a sallame shi cikin mutunci, da takardar shaidar abin da ya karanta. Na huɗu, kowane ɗalibi ya sami ikon ganin takardar jarrabawarsa, da ɗaukaka ƙara gaban wani kwamiti cikin kwanaki sanannu, domin mai gyaran takarda shi ma ɗan Adam ne.

Wajibi ne kuma doka ta bambanta wanda ya kasa da wanda larura ta tsayar. Ɗaliba mai juna biyu, da wanda ciwo ya kwantar, da wanda mutuwar uba ta mayar gona, ba ragwaye ba ne. A ba su damar janyewa da izini, a ajiye musu makinsu da gurbinsu har shekara mai zuwa. Ƙauyukanmu na ƙishirwar malamai mata, domin sau da yawa ganin malama shi ke sa uba ya bar ɗiyarsa ta ci gaba da lakkol. Asara ce babba a rasa malama saboda hutun haihuwa na wata uku.

Waɗannan ƙa'idoji a rubuta su, a karanta ma ɗalibai ranar shiga, a liƙa su a bango. Rubutacciyar doka ita ce garkuwar darakta ranar da wani babba zai aiko da roƙon alfarma, ita ce kuma garkuwar ɗan talaka wanda ba shi da mai aikowa. Iyaye da sarakuna da 'yan kasuwar Maraɗi, ku taimaki malaman horo da barin wannan roƙo.

Jori Hamani da Bubu Hama malaman lakkol ne da suka fito daga William Ponty ta Senegal. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa sun fito daga kwalejin horon malamai ta Katsina, nan kusa da mu. A zamaninsu takardar malami tana da daraja saboda kowa ya san ba a samunta da roƙo. Binciken PASEC na 2019 ya nuna yaranmu masu iya karatu a ƙarshen firamare sun kai kimanin 30 cikin 100, alama ke nan cewa gyara mai yiwuwa ne. Sauran 70 ɗin suna jiran malamin da za a aiko musu, kuma a zaman maki na ƙarshen shekara ake zaɓensa. Allah ya ba masu wannan zama ikon riƙe amana.