Guzurin Jirgin Sama

Masu karatu, in za ku hau jirgin sama ku riƙe guzurinku daga gida, domin a can sama harshe ba abin yarda ba ne. Iskar cikin jirgi busasshiya ce kamar ta tsakiyar hunturu, laimarta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, kuma hakan na dusashe ɗanɗanon gishiri da zaƙi. Shi ya sa ake labta wa abincin jirgi gishiri, fasinja kuma ya yi ta ɗura biskit da lemon gwangwani yana zaune bai motsa ba, alhali sau da yawa ƙishirwa ce ke damunsa. Wani zai ce ai kuɗin abincin na cikin tikiti, barinsa asara ne. To, a ci babban abincin, amma abin taɓawa ya zama tuffa, karas, kokwamba da dabino biyu ko uku. Gyaɗa ma ba laifi, sai dai mai gare ta, cikin tafin hannu ya isa. Ku yawaita shan ruwa, sannan ku cinye 'ya'yan itacen kafin sauka, don a Amurka da Ostareliya jami'ai kan ƙwace su.