Filin Uwargida: Tsimammen Kabeji Da Haƙarƙarin Rago

A wannan mako a unguwar Nasarawa Gwom ta cikin birnin Jos za mu ɗora tukunya, kuma abin da za mu girka baƙo ne ga yawancinmu, ko da yake kayan haɗinsa duk na gida ne. Magana ce a kan kabeji, da yadda za a hana shi ruɓewa da gishiri kaɗai, da kuma yadda za a dafa shi da nama har ya zama abincin dare na iyali duka.

Duk wanda ya san Jos ya san garin kayan lambu ne. Garin yana bisa tudun da ya ɗara teku tsawo da wajen ƙafa 4,000, saboda haka yana da irin sanyin da kabeji da karas da latas da dankalin Turawa suke so. Tun zamanin haƙar kuza manoman lambu, da yawansu Hausawa, suka soma shuka waɗannan abubuwa a bakin rafin Dilimi domin sayar wa Turawan kamfanoni. Turawa sun tafi, kuza ta ja da baya, amma ramukan da aka bari sun cika da ruwa sun zama tafkuna, da su ne kuwa ake ban ruwa da rani har yau a wajajen Bukuru da Barikin Ladi. Daga kasuwar Farin Gada manyan motoci suke kwasar kaya zuwa Abuja da Legas da sauran biranen ƙasar nan.

To, ga inda gizo yake saƙar. Kabeji ba hatsi ba ne balle a zuba shi a rumbu. Idan lambuna suka nuna lokaci guda sai kasuwa ta cika ta batse, farashi ya faɗi warwas, manomi ya rasa ko kuɗin takin da ya zuba, abin da ya yi kwantai kuma ya ruɓe a juji. Uwargida takan ga araha ta saya da yawa, ta yanka rabi a salak ko dafa-duka, sauran ya yi baƙi kafin mako ya zagayo, domin firji sai da wuta, wutar kuwa kowa ya san halinta. Bayan 'yan watanni sai ga kabejin nan ya yi tsada, sai mai hali. Mu da muka iya shanya kuɓewa da kuka da barkono da kauɗar tumatir, har yanzu ba mu yi wa kabeji tanadi ba.

Mutanen ƙasar Jamus da maƙwabtansu sun daɗe da warware wannan matsala. Ƙasarsu takan yi watanni cikin ƙanƙara, ba ganye ɗanye ko ɗaya a gona, sai suka riƙa yanka kabeji da kaka suna cakuɗa shi da gishiri, suna danna shi a ganga har ya yi tsami. Da harshensu suna ce masa sawakirawut, watau kabeji mai tsami. Mutanen Sin da na Koriya ma suna da irin nasu. Amfaninsa bai tsaya ga cika ciki ba. A zamanin jiragen ruwa masu filafilai akwai wani ciwo da yake addabar matuƙa saboda rashin ɗanyen abinci, dasashi ya kumbura yana zubar jini, haƙora su zube, ƙarfi ya ƙare, abin da likitoci suka gano daga baya rashin bitamin C ne. Da Kyaftin Kuk na Ingila ya fita zagaya duniya a shekarar 1768, ya loda wa jirginsa fiye da tan uku na tsimammen kabeji, ya kuwa dawo gida a 1771 ba wanda wannan ciwo ya kashe masa.

Kada uwargida ta ji an ce tsami ta yamutsa fuska. Nono da kindirmo da kamun koko duk ta wannan hanya ake samunsu. Akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani a jikin ganyen, 'yan'uwan waɗanda suke mai da madara kindirmo. Su ne suke cin zaƙin da yake cikin kabeji su mai da shi tsami, tsamin nan da gishiri kuwa su ne suke hana masu kawo ruɓa sakat. Mai tambaya ko abin yana da dangantaka da giya, to ta kwantar da hankalinta, ba ya sa maye, kamar yadda nono ba ya sa maye.

Ga yadda ake yi. A samo kabeji mai nauyi wanda ya ɗaure tamau, a ɓare ganyen baya a zubar, domin shi ne yake ɗauke da ƙura da feshin magani da ruwan rafi. A wanke, a tsane, a cire ƙashin tsakiya, a yanka sirara. Kowane kilo ɗaya na yankakken kabeji yana bukatar giram 20 na gishiri, watau babban cokali guda da ɗan tozo kaɗan. A barbaɗa, a yi ta murzawa da hannu mai tsabta wajen minti goma, har ganyen ya saki ya fid da ruwansa. Sa'an nan a ɗura a babbar kwalba mai faɗin baki ko bokitin roba na abinci, ana zubawa ana dannawa da dunƙulen hannu, har ruwan ya taso ya shafe kan ganyen. Kada a yi amfani da kwanon ƙarfe ko na alminiyam, gama tsami yana cinsu. A shimfiɗa ganye guda a bisa, a danne da wankakken dutse ko ƙaramar kwalba mai ruwa, a rufe sako-sako yadda iska za ta sami hanyar fita, a ajiye a inuwa.

Doka ɗaya ce ba a karya ta, ita ce kullum ganye ya zauna ƙarƙashin ruwa. Cikin kwana biyu zuwa uku za a ga kumfa yana tasowa, alamar aiki ya kankama ke nan. In an ga wani farin abu siriri ya kwanta a kan ruwan, sai a yaɗe shi, ba kome. Amma in an ga fumfuna baƙa ko ja-ja, ko ganyen ya yi yauƙi yana ɗoyi, to a zubar gaba ɗaya kada a yi ƙyashi. A sanyin Jos, musamman da hunturu, mako uku zuwa huɗu ya isa. Matan Kano da Sakkwato da Maiduguri su yi nasu da hunturu, su kafa kwalbar cikin jiƙaƙƙen yashi kusa da randa, su riƙa ɗanɗanawa tun daga kwana bakwai, domin zafi yana gaggauta tsami yana kuma lausasa ganye. Wanda ya tsimu sosai yakan yi watanni a wuri mai sanyi, amma a garin zafi gara a cinye shi cikin 'yan makwanni. Ashe ke nan mai son wannan girki ranar Salla ko ranar suna sai ta soma shiri tun da saura wata guda, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu sai batun nama. Gaskiyar magana ita ce Jamusawa da naman alade suka fi dafa wannan kabeji, kuma jikokinsu da suka yi ƙaura zuwa Amurka har yau suna cinsa haka ranar sabuwar shekara. Mu Musulmi Alkur'ani mai girma ya haramta mana wannan nama, kamar yadda ya zo a aya ta 173 cikin Suratul Baƙara, saboda haka babu zancensa a tukunyarmu. Amma sirrin girkin yana ga haɗuwar tsami da maiƙo, kamar dai yadda yakuwa take gyara gwaten acca na mutanen Filato, ko miyar taushe mai ƙashi da kitse. Haƙarƙarin rago ko na akuya mai ɗan kitse ya wadatar ƙwarai da gaske.

Domin mutum shida, a nemi haƙarƙari kilo ɗaya, a ce wa mahauci ya sara shi da ƙashinsa, kaurin kowane yanka kamar yatsu biyu. Sai tsimammen kabeji kofi uku, da albasa manya biyu, da karas biyu, da tuffa guda in akwai, da attarugu biyu, da tafarnuwa da citta da masoro, da man gyaɗa cokali uku, da dankalin Turawa kilo ɗaya. A shafe naman da dakakkiyar citta da masoro da tafarnuwa, a bar shi rabin sa'a. A zuba mai a tukunya mai kauri, in ya yi zafi a soya naman kaɗan-kaɗan har kowane gefe ya yi ja, a kwashe. Cikin man nan a soya albasa har ta yi laushi, a zuba karas da tuffa da jajjagen attarugu. A matse kabejin da hannu, in tsamin ya yi yawa ko a gidan akwai mai hawan jini a ɗauraye shi sau ɗaya, a zuba a juya. Sai a jera naman a kai, a zuba ruwa kofi biyu, a rufe, a rage wuta, a bar shi yana dahuwa a hankali sa'a ɗaya zuwa ɗaya da rabi, har tsoka ta soma sakin ƙashi.

Abu biyu ne za a kiyaye. Na farko, kada a sa gishiri ko dunƙulen ɗanɗano sai an ɗanɗana a ƙarshe, gama kabejin ya zo da nasa. Na biyu, a dafa dankali daban, domin tsami yana hana shi nuna da wuri, sai a haɗa su minti goma kafin a sauke. Wadda ba ta da dankali ta yi da dafaffiyar acca ko farar shinkafa. A kuma ajiye ɗan kabejin da bai ga wuta ba a gefen faranti, domin dahuwa tana rage masa bitamin. In yara suka noƙe, a yi musu dabarar Kyaftin Kuk. Da matuƙansa suka ƙi ci, sai ya sa aka riƙa kai wa manyan hafsoshi kaɗai, ba a yi nisa ba ƙananan suka soma nema da kansu. Uwargida ta fara zuba wa maigida, ta ga abin da zai biyo baya.

Akwai kuma dalilin da ya sa girki da rago ya dace da unguwa irin Nasarawa Gwom, inda Musulmi da Kirista suka daɗe suna maƙwabtaka. Al'adar mutanen Jos ce da Salla a aika wa maƙwabci Kirista da tuwo da nama, da Kirsimeti shi ma ya aiko da shinkafa, kuma mai sanin ya kamata yakan sayi naman a wurin mahauci Musulmi, ko ya kira Musulmi ya yanka masa, don kowa ya ci hankali kwance. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raunana wannan zumunci, har waɗansu layuka suka rabu. Saboda haka 'yar'uwa Kirista mai karanta wannan fili, in ta yi nata da rago a tukunyar da ta keɓe, ta sami abin da za ta miƙa ta kan katanga ba tare da an yi mata kawaici an ajiye ba a ci ba.

Shawarata ita ce a gwada da dunƙule ɗaya tukuna. In ya karɓi gidan, to da zarar kabeji ya faɗi a kasuwa sai mata uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi buhu, su zauna wuni guda su yanka su ɗura, kowa ta ɗauki rabonta. Manomi ya rage asara, uwargida ta rage kuɗin cefane, yara kuma sun sami ganye a lokacin da babu. Wadda ta gwada ta rubuto mana yadda ta kaya, musamman matan garuruwa masu zafi, domin sauran su ƙaru. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Haza wasalam.