Tsofaffin 'Yan Majalisar Sakkwato, Ku Faɗi Inda Kuka Tsaya

Gwamna Ahmed Aliyu ya rattaba hannu kan gyaran doka, kuma daga watan Yulin 2024 naɗin hakimai da dagatai a jihar Sakkwato ya koma hannun gwamnati, Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar sai dai ya ba da shawara. An yi wa gwamna surutu iya surutu. Wannan jarida da majalisar dokokin jiha take magana, musamman da waɗanda suka daɗe a zauren, waɗanda suka ga gwamna ya zo ya tafi suna nan daram. Kowannensu ya fito ya gaya wa mazaɓarsa inda ya tsaya a kan wannan doka, da dalilinsa.

Ba ƙaramin gida ba ne majalisar nan. Kujeru 30 ne, amma daga cikinsu aka taɓa samun wanda ya riƙe jihar baki ɗaya. A watan Afrilun 2008, da kotun ɗaukaka ƙara ta soke zaɓen Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, Kakakin majalisa Abdullahi Balarabe Salame ne ya zama muƙaddashin gwamna har aka sake zaɓe a watan Mayu, daga baya kuma ya wakilci Gwadabawa da Illela a Majalisar Wakilai. A Janairun 2012 kotun ƙoli ta sauke gwamnoni biyar, ciki har da na Sakkwato, Kakaki Lawali Zayyana ya hau. Tsarin mulki ya yarda da ɗan majalisar jiha har ya damƙa masa makullan gidan gwamnati. Abin mamaki shi ne yadda shi ɗan majalisar ba ya yarda da kansa idan takarda ta iso daga wannan gidan.

Gwamnati ta ce gyaran bai taɓa rawanin Sarkin Musulmi ba, ya daidaita doka ne kawai da yadda ake yi tun da. To, idan haka ne, me ya hana a bar shi sai ƙura ta lafa? A watan Afrilun 2024 aka tuɓe hakimai 15. Bayan 'yan makonni ƙungiyar Musulmi ta MURIC ta yi kururuwa kan makomar Sarkin Musulmi, har Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya tashi a wani taron tsaro a Katsina yana kiran a kare martabar Sarkin Musulmi. Tsohon hannu a majalisa, wanda ya san Sakkwato, ya san irin tabon da cire Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1996 ya bari. Ya kuma ga Kano, inda majalisa ta raba masarauta a 2019, ta sake haɗe ta a watan Mayun 2024, kowane karo bisa abin da gwamnan lokacin ke so. Amfanin dogon zama kenan: a tuna abin da sabon shiga bai gani ba, a faɗe shi a zaure da babbar murya.

Mu ma ba mu manta ba. A Agustan 2018 gwamnan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya bar APC ya koma PDP, 'yan majalisa 18 suka bi shi. Wasu da ke kukan danniya a yau suna cikin masu tafi a jiya, wasu masu tafin yau kuma su ne suka yi kukan jiya. Uzurin kullum shi ne kuɗin majalisa a hannun gwamna yake. Shugaba Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki da ya ba majalisun jihohi 'yancin kuɗi tun 2018, aka ƙara ƙarfafa shi a 2023. Wannan uzuri ya tsufa.

Mutanen Sabon Birni da Isa da Rabah, waɗanda 'yan bindiga suka hana noma, sun cancanci sanin me ya sa naɗin dagaci ya samu irin wannan gaggawa. Muna kira ga Kakaki Tukur Bala Bodinga ya wallafa cikakken rahoton zaman da aka amince da dokar, tare da sunan duk wanda ya yi magana da abin da ya faɗa. Tsofaffin membobi kuma kada su jira shi. Kowa ya koma mazaɓarsa, ya tara jama'a da hakimansu, ya faɗi inda ya tsaya kafin ya dawo neman tazarce a 2027.