Kafin Ku Yanka Ƙarfe, Ku Tambayi Kanku: Wa Zai Gyara?

Duk shekara da zarar an kafa sanarwar gasar mutum-mutumi mai jera kaya, abu ɗaya ne ke faruwa a wokshop ɗinmu. Wani zai ciro waya ya buɗe YouTube, a ga wani inji yana miƙewa sama kamar raƙumin dawa, sai kowa ya ce, "Wallahi irin wannan za mu yi!" Ba a auna kwalin da za a jera ba, ba a karanta dokar gasa ba, amma an riga an zaɓi abin ɗagawa. Ni ma haka na yi bara, kuma na ji a jikina. Shi ya sa nake so 'yan bana su saurare ni kafin su kashe kuɗinsu.

Ra'ayina a taƙaice: abin ɗagawa mafi kyau shi ne mafi sauƙin da zai kai tsayin da kuke buƙata, wanda kuma za ku iya gyarawa cikin minti goma tsakanin zagaye da zagaye, da kayan da ke cikin jakarku.

Mu dai almakashi muka zaɓa, hawa biyar. Mu shida muka yi karo-karo, wasunmu har da kuɗin abinci. Abin da bidiyo bai nuna mana ba shi ne, almakashi ya fi neman ƙarfi a lokacin da yake kwance a ƙasa, daidai lokacin da za ka ɗauki kaya. Duk wanda ya taɓa ɗaga mota da jak mai almakashi ya san juyin farko ya fi tauri. Moton namu sai gurnani, batir yana ɗaukar zafi. Na biyu kuma, da hannu muka huda ramukan mahaɗai. Ɗan sakin da ido ba ya gani a kowace mahaɗa, idan ya taru hawa biyar, sai ka ga saman yana rangaji kamar karan dawa a iska. Ranar gasa, muna ɗora kwali na huɗu, jerin ya rushe gaba ɗaya, noti ɗaya ya fice ya shige ƙarƙashin tebur. Waɗanda suka fitar da mu kuwa, layin durowa suka saya wurin masu kayan kafinta, da igiya, da moton waifa na tsohuwar mota. Mun yi musu dariya da safe. Kwali huɗu kawai nasu ke jerawa, amma duk lokacin da aka danna sai ya jera. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

To, bari mu duba abin da ke gabanku. Hannu guda mai juyawa a kan ƙusa ɗaya ya fi kowanne sauƙi, sai dai yana karkata kaya yayin da yake tashi, kuma jera kaya yana son a ajiye su a daidaice. Ga kuma lissafin da muka yi a aji muka manta: kilo ɗaya a ƙarshen hannu mai rabin mita yana neman ƙarfin juyi kusan Nm 5, idan hannun ya kai mita guda ya ninka, ba a ma sa nauyin hannun kansa ba.

Sanduna huɗu masu haɗe da juna suna magance karkatar, domin sanda biyu masu tsayi ɗaya suna tafiya tare, kaya na zaune daram. Aibinsu shi ne tafiyarsu baka ce, wato kayan na matsowa gaba su koma baya yayin tashi, dole direba ya riƙa gyara tsayuwa. Idan aka ɗora wasu huɗun a sama suna kallon baya, sai tashin ya zama kusan a miƙe. Irin wannan ne ya yi tashe a gasar VEX ta kakar 2017 zuwa 2018, lokacin da ake jera mazurai. Amma fa ku tuna, su kayansu daga masana'anta suke zuwa da ramuka a hude daidai wa daida. Mu kuwa da zarto da injin huda muke fama.

Sai mai zamewa a kan layi, irin na waɗanda suka kayar da mu. Yana tashi a miƙe, lissafinsa ba wuya. Cutarsa igiya ce: ta saki, ko ta sauka daga kan fuli. Amma igiya ko a kantin bakin get akwai ta. Moton waifa kuma yana da wata falala: irin giyar da ke cikinsa (ta inji nake nufi, malam) ba ta saurin juyawa baya, don haka ko an saki maɓalli kaya ba sa zubowa ƙasa.

Na san abin da wasu za su ce: "Ai koyo muka zo yi, me ya sa za mu guji abu mai wuya?" Gaskiya ne, kuma ban ce kowa ya tsaya a layin durowa har abada ba. Sai dai injiniyanci ba tara wahala ba ne, warware matsala ne da abin da ke hannunka. A gasar VEX ta 2019 zuwa 2020, da aka ce a jera akwatuna, ƙungiyoyi da yawa ba su ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ba. Sun riƙa zuƙe su cikin wani dogon faranti a kishingiɗe, sannan su miƙar da farantin, jerin ya tsaya da kansa. Wannan tunani ne ya fito daga karanta doka da kyau, ba daga kwaikwayon na wani ba.

Saboda haka ga roƙona. Ku fara da dokar gasa: girman da aka yarda inji ya kai kafin a fara, nauyin kaya, da tsawon lokaci. Ku yi gwaji da kwali da ƙusa kafin ku je wurin mai walda, domin kuskuren kwali kyauta ne. Ku ajiye batir da moto a can ƙasa, kar inji ya kifa idan ya miƙe. Ku taimaka wa moto da robar tiyub ta ɗauke masa nauyin hannu. Sannan ku gama ƙira da sauran aƙalla mako biyu, direbanku ya saba da injin. Mu daren gasa muka ƙarasa ɗaure noti da fitilar waya, direbanmu bai taɓa jera ko kwali uku ba sai a gaban alƙalai.

Almakashinmu yana nan a kusurwar wokshop, bayan injin walda. Duk mai sha'awar irinsa ya je ya girgiza samansa da yatsa ɗaya, sannan ya dawo mu yi magana.