Ɗalibin Harkar Gudanarwa, Taken Bincikenka Yana Cikin Kasuwa

Yau zan ɗan jingine labari gefe, mu yi magana a kan ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke karatun harkar gudanarwa da kasuwanci a kwalejoji, musamman masu ND da HND da ake cewa su kawo taken furojet.

Abin da ke damuna, yaro zai tashi a Fagge ko Gwammaja, amma ya zaɓi bincike a kan wani katafaren banki ko kamfanin mai da ko maigadinsa ba zai bar shi ya shiga ba. To wa zai ba shi bayani? Ƙarshenta sai ya tafi shagon buga takardu, a ciro masa tsohon aikin wani, a canja suna. Ranar kare aiki malami ya jefo tambaya ɗaya, sai zufa.

A ganina, kafin ka kai wa malami take, tambayi kanka: wa zan je in samu ya amsa mini tambaya, kuma kuɗin motata zai kai ni? In babu amsa, ajiye shi komai daɗinsa a baki. Sannan ka ƙuntata shi. "Matsalolin ƙananan 'yan kasuwa a Najeriya" ai aikin shekara goma ne. Amma yadda 'yan layi ɗaya a Kantin Kwari suke ba da kaya bashi su karɓo kuɗinsu, wannan zangon karatu ɗaya ya ishe shi.

Ga sana'armu ma. Mu marubuta da kuɗinmu muke buga littafi, mu kai wa dillali, shi kuma ya riƙa biyanmu kaɗan-kaɗan sai ya sayar. Raba labari zuwa na 1, na 2 da na 3 ba don ado aka yi ba, kuɗin na farko ne ke buga na biyu. Yanzu kuwa da yawa sun koma WhatsApp da YouTube: a saki shafukan farko kyauta, mai son ci gaba ya biya. Ya ake sa farashi? Ya ake hana wanda ya biya ya raba wa ƙawaye ɗari? Wallahi duk darasin jari, talla da rarraba kaya da ake koya muku a aji yana nan ciki, kuma marubutan suna raye, za su amsa.

Haka gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016: waɗanda suka farfaɗo, da me suka farfaɗo? Adashi ne, ko taimakon uban gida? Ko ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da mai shayi da mai kayan miya suka koyi karɓar taransifa dole.

Su ma malamai, don Allah, idan ɗalibi ya kawo take a kan 'yan adaidaita sahu ko masu hatsi na Dawanau, kada a raina a ce ya je ya nemo mai Turanci da nauyi.