A Ba Abokin Gaba Haƙƙinsa A Cikin Labari

Ga magana a kan masu ƙaga labari.

Ku sani labari kamar ayari yake. Madugu da aikinsa, jagaba da nasa, uban dawaki da nasa. In ɗaya ya gaza ba a kai zango lafiya. Haka nan malamin nahawu ba ya duban kyan kalma sai mahallinta, ya ce wannan fa'ili, wannan maf'uli. To, mutanen labari ma da aikinsu ake sanin su: akwai mai nema, da abin nema, da mai taimako, da mai tare hanya. Wani masanin ƙasar Rasha mai suna Propp ya bi tatsuniyoyin ƙasarsu a 1928, ya ƙidaya irin waɗannan matsayai har 7. A cikinsu wanda marubuta suka fi tauye wa haƙƙi shi ne mai tare hanya, alhali kuwa shi ne mudun da ake auna jarumi.

Mutanen Rano ba baƙin wannan ba ne, domin Autan Bawo ake yi wa sarkinsu kirari. A duba labarin da kirarin ya fito. Bayajidda ya sauka Daura wurin tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, aka ce maciji ya tsare rijiyar Kusugu, ba a ɗiba sai ran Juma'a. A cire macijin nan, me ya rage? Baƙo ya sha ruwa ya wuce. Ba auren Daurama, ba Bawo, balle autansa. Ko da masana tarihi sun yi saɓani a kan ingancin labarin, ba mai musun ƙarfin gininsa.

Tsofaffin da ke yi wa jikoki tatsuniya da dare, daga Rano har Kibiya, su ma ba su taɓa mai da Gizo wawa ba. Suna ba shi wayo da daɗin baki har ya ci amanar zaki da kura, sa'an nan kwaɗayi ya kā da shi.

Abubakar Imam ya gane wannan. A cikin Ruwan Bagaja, wanda ya rubuta don gasar da Dokta East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934, Alhaji ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Imam ya haɗa shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, kan dabara ɗaya suke: in wannan ya cuta a wani gari, wancan ya rama a gari na gaba. Shi ya sa mai karatu ba ya iya ajiye littafin.

Amma da yawa daga littattafan da suka cika kasuwannin Kano tun wajen 1985, da finafinan da suka biyo su, sun sauka daga wannan tafarki. Kishiya tun shafin farko tana gidan boka, attajiri mugu ba ya ko amsa sallama. Yaron da ya tashi da irin wannan sai ya zaci mugunta tana da ƙaho. Ran da ya fara awo a kasuwa, macuci zai zo masa da fara'a da rantsuwa, ya kira shi ɗan'uwa, ya tafi da jarin ubansa.

Wasu malamai za su ce ba mugu hikima koya wa yara makirci ne. Tsoronsu yana da hujja, amma maganin yana ga ƙarshen labari. Ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salamu, gaskiya ce, ta fi ƙarfin a jera ta da ƙage. Duk da haka almajiri ya san ba a ɓoye yadda 'yan'uwansa suka zo da dare suna kuka da riga mai jinin ƙarya ba. An bayyana makircin sarai, aka kuma bayyana inda ya ƙare.

Saboda haka mai alƙalami ya ba abokin gaba hankali, da dalili, da fuska irin ta mutane. Ya bar shi ya kusa cin nasara, kana ya kā da shi da halin kansa. In bai yi haka ba ya tauye mudu, mai karatu ne kuwa aka cuta.

Allah ya ƙara wa masu rubutu basira. Wassalam.